Duwatsun Bakin Rijiya

Tun ranar da Auta ya ajiye aikin banki ya ce shi tafiyar ƙasa zai riƙa sayar wa mutane, Iya ta san yaron nan sai addu'a. Ta sha wahalar karatunsa, ta ga ya sa kwat ya zauna a ofis mai sanyi, har ta fara samun bakin magana a cikin ƙawayenta, sai ga shi wata rana ya shigo da wata takarda mai sheƙi, hoton raƙuma a jere, wai kamfani ya buɗe. Mutanen birni za su biya shi, shi kuma ya kai su tsohuwar hanyar fatake su taka ta da ƙafa, sannu a hankali, ba mota ba jirgi, yadda mutanen dauri suke yi.

"Su biya ka don su sha wahala?" in ji Iya.

"Ba wahala ba ce, Iya, nutsuwa ce. Mutane sun gaji da sauri."

"To su zo su taya ni wanki mana. Ai ba sauri a ciki."

Abin haushi, kasuwar ta karɓe shi. Ashe akwai waɗanda daɗi ya yi wa yawa har suna neman inda za su je rana ta gasa su. Shekara da shekaru Auta yana roƙon Iya ta bi shi ko sau ɗaya, ita kuma tana ce masa gwiwoyinta ba na haya ba ne.

Amma akwai abin da ke kwance a ranta game da hanyar nan, Auta kuma ya sani. Mahaifinta madugu ne, shi ke jan ayari a kanta tun kafin manyan motoci su kashe sana'ar. Iya tana famfarar haƙori ya fita wata tafiya bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya cika a bakin wata tsohuwar rijiya, abokan tafiyarsa suka binne shi a nan, suka ɗebo duwatsu daga nesa a bayan raƙuma suka tara a kansa don kada namun daji su tone. Abin da baffanta ya dawo ya faɗa ke nan. Mahaifiyarta ta rasu ba ta ga wurin ba. Yayyenta maza kowa ya ce zai je, kowa ya koma ga Allah bai je ba. Saura Iya kaɗai, ga hawan jini, ga gwiwa, ga ledar magunguna da ba ta rabo da ita.

Wata rana Auta ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata waya. A fuskar wayar tsibin baƙaƙen duwatsu ne, a bayansu bakin rijiya ya fito dishi-dishi.

"Iya, Kaka ne. Tun tafiyarmu ta farko na gano shi. Na daɗe ina so ki je ki gani da idonki, shi ya sa ban nuna miki ba, amma na ga in ba haka na yi ba ba za ki tashi ba."

Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon hoton. Ta san jikinta. In ba bana ba, ba za ta ƙara iyawa ba, kuma in ta tafi babu sauran wanda ya taɓa ganin fuskar mutumin nan a duniya. Ta ce masa ya sa ta a tafiya mai zuwa.

Bas ta sauke su inda kwalta ta ƙare. Raƙuma na durƙushe suna tuƙa, masu jansu na tsaye da rawuna. Baƙin ba su da yawa. Akwai wani likitan haƙori mai tumbi da matarsa, wadda ta kifa wata hula mai faɗin tire, tana fesa wa kanta ruwa daga 'yar kwalba. Akwai wani dogo da kowa ke kira Mai Kyamara, wanda bai yarda ya kalli komai da ido tsirara ba. Auta ya tara su, shi ma ya naɗa rawani, shi da ko hula sai an yi faɗa yake sawa, ya nuna Iya da tafin hannu.

"Jama'a, kun yi sa'a. Wannan ita ce 'yar madugu na ƙarshe. Jinin hanyar nan ke gudana a jikinta."

Suka tafa. Matar likita ta zo ta shafa kafaɗarta tana cewa, "Allah sarki." Mai Kyamara ya ce ta ɗan kalli nesa kamar tana tuna wani abu. Iya ta kalli nesa, abin da take tunawa kuwa shi ne rabon da ta mari Auta tun yana firamare, kuma da alama ta yi saurin dainawa.

Kafin rana ta take ta gama gane kamfanin ɗanta ciki da waje. Ta jingina da kayan da aka labta wa wani raƙumi, buhunan da Auta ya ce wa baƙi gishiri ne, sai ta ji hannunta ya nutse. Soson katifa ne aka yayyanka aka cusa. Rawunan masu raƙuma na kamfani ne, an jiƙa su a ruwan shayi don su yi kalar tsufa, a ƙarƙashin manyan rigunansu kuma rigunan ƙwallo ne, kowa da wayarsa a ɓoye cikin wando. Ainihin kayan tafiya, tantuna da tukunyar gas da akwatin ƙanƙara da masai na tafi-da-gidanka, duk suna cikin wata babbar mota da ke bin wata hanya daban. Tana riga su isa zango, a kafa komai, sannan ta laɓe a bayan tudu. Auta ya kafa doka mai ƙarfi: baƙo bai ga mota ba, bai ga direba ba, bai ga mai girki ba. Abinci sai dai a ga masu raƙuma sun fito da shi a akushi, sai ka ce daga ƙasa ya tsiro.

Da suka doshi wani ƙauye, Auta ya koma baya kamar zai kama ruwa, Iya ta ji shi yana waya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Mun kusa, a kawar." Suna shiga ta hango wutsiyar babur ta leƙo daga bayan katanga, an lulluɓe shi da tabarma. A bakin hanya wata mata na daka da iya ƙarfinta. Mai Kyamara har da kwanciya a ƙasa don ya ɗauke ta da kyau. Iya ta matsa ta leƙa turmin, ba ko ƙwaya a ciki. Suka haɗa ido da matar, kowacce ta kawar da kai.

"Auta, wannan ai wasan kwaikwayo ne," ta ce masa da suka keɓe.

"Iya, abin da suka zo gani ke nan. In suka ga babur sai su ce an cuce su."

"Da turmi ba hatsi ba a cuce su ba?"

Ya yi 'yar dariya ya ce ita dai Iya ba ta san harkar ba. Ta ce Allah ya tsare ta da sani.

Abu ɗaya ne ya burge ta a tsarinsa. Kowace safiya kafin a tashi sai ya yi wa jama'a huɗuba cewa ba a barin ko bawon alewa a hanyar kakanni. Kuma da gaske, duk zangon da suka bari tas suke barinsa. Ta ce a ranta ko ba komai tsaftar da ta koya masa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Sai kuma wani abu ya same ta wanda ba ta shirya masa ba, ya kuma ba ta haushi fiye da soson katifa: tafiyar ta fara shiga ranta. Da safe takan taka da ƙafa, in gwiwa ta yi tsami a ɗora ta a raƙumi. A mota ƙasa wucewa take yi ta taga, kafin ka ce mene ne wancan ya zama baya. A nan kuwa tudu ɗaya sai ya wuni tare da kai. Da hantsi ka gan shi ja, da azahar ya yi fari, kafin la'asar ka zagaya shi ka tarar ashe bayansa akwai ciyawa. Ta fara jin sawun raƙuma a cikin yashi, taf, taf, har numfashinta ya bi sawun. Ruwa ya dawo yana da ɗanɗano. Tunanin da ta shekara tana kora ya zo ya jera da ita, ya gaji don kansa ya koma. Ta tuna mahaifiyarta tana mitar cewa babansu in ya dawo daga tafiya sai ya zauna a tsakar gida kamar kurma, a yi ta magana yana kallon bango. Yanzu ta gane. Wanda ya saba da wannan shirun, surutun gida sai ya yi masa yawa. Ta ji kusancinsa yadda ba ta taɓa ji ba, ta ji tana son hanyar, amma ko da wasa ba ta bari Auta ya gani a fuskarta ba.

Ko su baƙin ma, in an yi nisa bakinsu mutuwa yake yi. Likitan haƙori, wanda ya fara tafiyar da labarin gidajen da ya gina, ya koma tafiya shiru yana share hawaye ba dalili. Iya ta yarda hanyar gaskiya ce. Masu sayar da ita ne dai ba ta yarda da su ba.

Da la'asar sakaliya suka iso rijiyar. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba itace ba dutse, iya ganinka. Rijiyar na tsakiya, bakinta duk zanen igiya, inda guga ya ci shekaru yana hawa da sauka. An riga an kafa tantuna a gefe guda, an ɗaure igiyar turken raƙuma, an tsayar da ɗan masai na yadi. Motar ta ɓuya a bayan wani tudu can nesa. A ɗaya gefen kuma, ɗan taku kaɗan daga rijiya, ga tsibin baƙaƙen duwatsu.

Iya ta tsaya tana kallon tsibin. Ta so a bar ta ta je ita kaɗai, amma ina. Auta ya riga ya jera baƙi, ya gyara rawani, ya sassauta murya. Ya ba da labarin madugu da zazzaɓi da abokan tafiya masu amana. Da ya zo wurin da madugu ke kallon hanyar gida karo na ƙarshe, sai muryarsa ta karye. Iya ta waiga, ta ga wani mai raƙumi a baya yana motsa baki tare da shi, kalma da kalma, har wurin karyewar muryar. Wato haddar ta zauna wa har ma'aikata. Ta kawar da kai.

Amma da ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan dutsen farko, duk suka ɓace mata. Dutsen da ɗumin rana a jikinsa. Ta yi sallama, ta yi addu'a, sannan bakinta ya kwance. Ta ce, "Baba, ni ce ƙaramar." Ta faɗa masa wa ya rasu, wa aka haifa, ta ce mahaifiyarsu ba ta sake aure ba, ta ce ita ma ta tsufa har ta girme shi. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar mijinta. Ƙudaje sun dame ta, akwai kuma wani ɗan wari da ke tasowa, ta ce na raƙuma ne. Ta ji ƙarar kyamara a bayanta ta ƙi juyawa. Da ta miƙe ta ji ta sauke wani kaya da ta ɗauka tun tana yarinya. Har ta dafa kan Auta ta ce Allah ya yi masa albarka, kuma har zuciyarta ta faɗa. Ya ce saboda ita za a ƙara kwana a nan, ba za a tashi da safe ba.

Gari na wayewa, baƙi ba su fito ba, ta ɗauki ɗan tsumma ta nufi wurin ita kaɗai. So take ta gyara duwatsun da suka zame, ta share, ta zauna ba kyamara. Ta zagaya ta bayan tsibin, ɓangaren da ba a tsayar da su jiya ba, sai ta ga bakin wata shuɗiyar leda ya leƙo daga tsakanin duwatsu. Ta yi tsaki ta ce mutane ba su da ta ido, ta ja. Ledar ta biyo hannunta ta fashe. Gwangwanayen kifi suka zubo, da cokulan roba, da ƙasusuwan kaza, da dunƙulen takardar goge-goge da ta yi baƙi. Tsutsotsi fari fat suna motsi a ciki. Warin ya buge ta har sai da ta ja da baya ta toshe hanci da mayafi. Ta ɗaga wani dutsen, wata ledar ce a ƙasa. Ta ɗaga wani, haka.

"Mama, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ta juya. Wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, da zanen girki ɗaure a ƙugu, bokiti a hannu ɗaya, shebur a ɗaya. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ƙamshin albasa da ke jikinsa ya gaya mata mai girkin da ake ɓoyewa ne.

"Kai, Mama, kin ɓata hannunki. Ɗan matsa mini in zuba wannan kafin baƙi su tashi. Ni da sai kun wuce nake zuwa, to yau an ce ba tashi, ga zafi, sharar jiya har ta fara wari."

"Ka zuba me? A ina?"

"A ramin mana." Ya ajiye bokitin yana murmushi, irin na wanda ya san aikinsa. "Ai nan ne ramin shararmu na wannan zangon. Ni na haƙa shi da hannuna. Oga ba ya son a ga ko tsinke."

Iya ta ji kunnuwanta sun yi ɗif. Ta ce, "Duwatsun fa?"

"Ai su ne maganin abin. Farkon zuwanmu na binne da ƙasa kawai, dila suka tone, leda ta watsu ko'ina. Da Oga ya dawo ya gani ya yi mini tatas, har ya ce zai sallame ni. Na duba filin nan kaf ba dutse, sai wani tsibi can, kamar ni aka tara wa. Ni da tsohon direbanmu muka kwaso su a mota muka danne ramin. Tun daga ranar ko ɓera bai ƙara tonawa ba."

"Malam," in ji Iya, "kabarin ubana ne ka kwashe."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya kalli duwatsun, ya kalle ta, shebur ya suɓuce daga hannunsa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kabari? Mama, wallahi tallahi ba wanda ya gaya mini. Ni ba a bari in zo nan in da baƙi. Daga bayan mota sai bayan mota." Ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka.

"Tashi ka nuna mini inda ka ɗebo su."

Ya tashi. Ya kalli rijiya, ya kalli tudu, ya ɗaga hannu ya nuna wajen tantuna, sannan hannun ya yi ta tafiya har ya haɗa da turken raƙuma da ɗan masai na yadi. "Can wajejen ne. Ko kuwa ta nan. Mama, an daɗe, iska ta shafe, raƙuma sun tattake. Direban ma ya bar aiki, ban san inda yake ba." Ya fashe da kuka kamar yaro.

Shi bai ba ta haushi ba. An ce masa ya rufe shara, ya rufe. Ta ce ya je ya kira mata ogansa.

Auta ya zo da sauri, ba rawani, buroshi a baki. Ya ga ledoji, ya ga tsutsa, ya ji bayanin mai girki. Ya tofar da kumfa ya tsaya sororo.

"Kai ka ce ka gan shi da idonka," in ji Iya. "Ka dawo ka tarar ya tashi daga wancan gefe ya koma wannan, ba ka lura ba?"

"Iya, wallahi duwatsun ne dai, su ne. Na ɗauka ni ne na manta gefen."

"Shekara nawa kana kawo mutane suna sunkuyar da kai a kan gwangwanin kifi? Jiya ka sa na durƙusa na kira juji Baba."

Ya zaro waya, ya nemo hoton. Suka duba tare. Ya matsa kusa sosai lokacin da ya ɗauka, don duwatsun su fito da kyau, har suka cika fuskar wayar. Bakin rijiya ne kawai a baya, rijiya kuwa zagayayya ce, ta ko'ina ka kalle ta kamarta ɗaya. Ba tudu a hoton, ba inuwa, ba abin da zai ce gabas ko yamma.

"Za a gyara, Iya. Yau ɗin nan zan sa a wanke su a mayar."

"A mayar ina?"

"Nan kusa dai. Ai duk ƙasar ɗaya ce." Ya waiga wajen tantuna, inda aka fara jin tarin likita. Ya rage murya. "Don Allah, Iya, a hankali. Kada baƙi su ji. In maganar nan ta fita kamfanin ya mutu."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tofar da yawu a gefe, ta wuce shi.

Ta nufi filin da mai girki ya nuna. Ta yi 'yan taku sai ta tsaya cak. Ko'ina ta sa ƙafa zai iya zama a kansa ne. Wataƙila a ƙarƙashin tantin da ta kwana yake, ta yi ta juyi a kansa tana jin daɗin ta sauke nauyi. Wataƙila inda raƙuman can ke fitsari. Ta kalli ɗan masai na yadi, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu. Ta fara takawa a hankali, tana kallon ƙasa, tana neman ko ɗan tudu, ko ɗan kwari, ko tsakuwa ɗaya da aka manta. Duk inda za ta ɗora ƙafa sai ta yi sallama tukuna, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri in kai ne." Ƙasar shafe take kamar an yi mata daɓe.

Ba ta san baƙi sun fito ba sai da ta ji ƙarar kyamara. Ta saci kallo. Matar likita ta tuɓe nata takalman, ta zunguri mijinta shi ma ya tuɓe, sun biyo bayanta a jere suna taka ƙasa a hankali, kawuna a sunkuye, fuskokinsu cike da nutsuwa. Mai Kyamara na gefe a durƙushe yana cewa hasken safiyar nan ba a magana.

"Shugaba," matar likita ta kira Auta da raɗa mai ƙarfi, "me wannan ke nufi? Mama me take yi?"

Iya ta tsaya, ta ba su baya, ba ta juya ba. Ta kasa kunne. Ta san ɗanta yana da gaskiya a wani lungu na cikinsa, ita ta zuba masa. Kalma kaɗan ce. Ya ce mun yi kuskure, mun ɓatar da kabarin kakana, ku sa takalmanku ku ba ta wuri. In ya faɗi haka, ta yi alkawari a ranta za ta yafe masa soson katifa da turmi da komai, su zauna su yi kukan tare.

Ta ji ya gyara murya. Da muryar ta fito, irin ta jiya ce, mai laushi, wadda ke karyewa a inda aka tsara.

"Tsohuwar al'adar fatake ce," in ji Auta. "In za su bar zango sai su tuɓe takalmi su yi sallama da ƙasa. Ba kowane ayari ke dacewa da ganin wannan ba."

"Allah sarki," in ji matar likita.

Iya ta lumshe ido. Yaron nan ta wanke masa kashi, ta tare amansa da tafin hannunta, lokacin da ƙurji ya ruɓe masa a ƙafa ita ta matse ba ta ko yamutsa fuska ba. Ba ta taɓa jin ƙyanƙyaminsa ba sai yau.

Ta lallaɓa ta fita daga filin ta gefe, tana ɗaga ƙafa a hankali har ta tabbatar ta yi nisa, sannan ta sa takalmanta. Mai girki na tsugune inda ta bar shi. Ta ce masa ya tashi ya kai ta wurin mota, ya gaya wa direba akwai fasinja zuwa bakin kwalta.